Kuɗin Larabar Malaman Boko: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

An umurce ni in yi magana a kan girmama malamai. Zan fara da wani abu da ya faru da ni, wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Wata rana da hantsi ina shiga wani ofis, sai na ga wani dattijo zaune a kan benci, ya rungume tsohon fayil. Har na wuce, sai na ji muryar da ta koya mini lissafi ta kira cikakken sunana, kamar ana kiran rajista. Na juyo na durƙusa. Ashe zuwansa na huɗu ke nan a kan maganar fansho, kuma kowane zuwa sai ya ci bashin kuɗin mota. Shi ya gane ni, ni ban gane shi ba.

Jama'a, mu duba al'adarmu. Malamin allo ba ya da albashi, amma iyayenmu sun san hakkinsa. Akwai kuɗin Laraba, akwai sadakar sauka, kuma da damina almajirai kan nome gonar malam. Da boko ya zo sai muka ce ai gwamnati ke biyan malami, muka zare hannunmu. To, gwamnati ta biya shi ladan tsayuwa a aji. Wa ya biya shi daren da ya kwana gyaran takardunmu a gaban fitila?

Kada mu manta, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka kafa ta. Sardauna Ahmadu Bello ya fito daga can ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Da alli suka fara kafin su riƙe ƙasa.

Saboda haka ina kawo shawarwari huɗu.

Na farko, tun 1994 aka keɓe 5 ga Oktoba a matsayin Ranar Malamai ta Duniya. A nan Tsiga wannan rana ta dace da kaka. Wanda ya sami buhu hamsin na masara ya fitar da ɗaya, mai ƙaramin ƙarfi ya kawo tiya, mai albashi ya sayo. Wannan ya zama kuɗin Larabarmu.

Na biyu, yawancin malamanmu da suka yi ritaya noma suka koma. Buhun takin zamani a farkon damina ya fi musu lambar yabo ta ratayewa a bango amfani.

Na uku, mu da ke aikin gwamnati a Katsina, Funtuwa da Malumfashi mu raba sunayensu a tsakaninmu, kowa ya bi fayil ɗin mutum guda har hakkinsa ya fito, ta hanyar da doka ta tanada.

Na huɗu, ziyara. Zumunci a ƙafa yake. Mu je gaisuwar Sallah da 'ya'yanmu, mu ce musu ga wanda ya koya wa babanku riƙon alƙalami. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa, mu leƙa iyalansu.

Ina roƙon kada mu tashi yau sai an naɗa kwamitin da zai rubuta sunan kowane malami da inda yake zaune. Kada mu jira sai ranar ta'aziyya mu cika ƙofar gida da motoci.

Iyayenmu malamai, mun yi sakaci, ku yafe mana. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa mu gama lafiya.