Ƙullin Fiza Mai Kyau: Jawabi A Taron Matan Ƙungiya, Tunga

 

An ce in yi magana kan fiza, abincin nan da yaranmu suka dame mu da shi, ga shi kuwa kuɗinsa a waje ba na wasa ba ne. To, duk matar da ta iya gurasa ta riga ta iya rabin aikin. Fiza a birnin Naples na ƙasar Italiya ta samo asali, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu yin ta cikin al'adun duniya abin adanawa. Amma ƙasanta fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, kamar dai gurasar Jakara ta Kano. Abin da ke ɓata ta biyu ne: gaggawa da sanyin wuta.

Ga awo. Fulawa rabin kilo, ruwa mililita 300 zuwa 320, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, busasshen yis rabin ƙaramin cokali. Ki murza na minti 10, har ƙullin ya yi santsi ya daina manne hannu. Kada ki yi ta ƙara fulawa, nan ake samun fiza mai tauri kamar faifai. Sai ki rufe, ki ba shi awa 4 zuwa 6. Yis kaɗan da dogon jira su ne ke kawo ɗanɗano.

A kula da yanayin Minna fa. A zafin Maris da Afrilu ƙulli na saurin tashi har ya yi tsami, saboda haka a kwaɓa da ruwan randa, a ajiye a inuwa. Da hunturu kuwa samansa bushewa yake, sai a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle.

In ya tashi, ki raba uku, ki mulmula, ki bari ya huta rabin awa. Da yatsu za ki faɗaɗa shi daga tsakiya, ki bar bakin da kauri. In kika bi shi da kwalba, kin kore iskar da kika jira tun safe.

Sai wuta. Tandar mutanen Naples zafinta ya haura digiri 400, fiza kan gasu cikin minti ɗaya da rabi. Ta gida da ƙyar take kai 250, don haka ki ƙure ta, ki zafafa farantin tun kafin ki ɗora. In babu lantarki ko gas, kaskon ƙarfe mai kauri a kan gawayi ya wadatar: ki rufe da murfi, ki zuba garwashi a samansa. Miyar tumatir kuma a shafa kaɗan, in ta yi yawa tsakiya ba ta gasuwa.

Fulawa ta yi tsada, kada mu yi asararta wajen gwaji. A fara da rabin kilo, in hannu ya faɗa sai a yi tunanin na sayarwa.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka.