Ƙirga numfashin ɗanka kafin ka ƙirga kuɗin asibiti

 Ni ba likita ba ne. Ɗan kasuwa ne, ina da rumfar albasa da gyaɗa a kasuwar Dakar a nan Duwala, gidana kuma yana New Bell, cikin unguwar Hausawa. Abin da ya same ni zan faɗa muku, don kada ya sami wani.

Cikin watan Agusta ne, lokacin da ruwan Duwala ke wuni yana zuba. Na hau arewa sayen kaya a Garwa, na bar autanmu yana da wata biyar, lafiyarsa lau. Kwana biyu da isata, maiɗakina ta kira ni ta ce yaron yana tari, hanci ya toshe. Na ce mata mura ce, ai damina ce, ta sayo siro wajen mai magani, ta lulluɓe shi. Kashegari ta sake kira. Ta ce, "Malam, yaron nan in ya kama nono sai ya saki, yana ta haki. In kai shi asibiti?" Wata tsohuwa a gidan ta ce haƙori ne, wata ta ce beli ne, a kira wanzami. Ni kuwa ina tsaye kan buhuna, hankalina yana kan kuɗin mota, na ce, "Ki bari in dawo jibi." Wannan maganar ita ce laifina, ba na ɗora wa kowa.

A daren nan Allah ya kawo wata maƙwabciyarmu, wadda ta taɓa rasa ɗa da irin wannan ciwo. Ta ɗaga rigar yaron, ta ga duk lokacin da ya ja numfashi ƙasan ƙirjinsa sai ya lotsa ciki. Ta ce wa matata, "Tashi, Hajiya, ba mu jiran kowa. In mijinki ya yi faɗa, ya yi da ni." Suka tsayar da bensikin cikin ruwa, suka nufi asibiti.

Da isarsu aka maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsan ƙafa, mai auna iskar da ke cikin jini. Ta nuna 84. Likita ya ce in ta yi ƙasa da 90, yaro yana bukatar iskar oksijin. Aka sa masa roba a hanci, aka fara allura. Tunda ba ya iya tsotso, uwar ta riƙa tatsar nononta ana ba shi ta wata siririyar roba da ke wucewa ta hanci zuwa ciki. Ni kuma na baro kaya a Garwa, na bi ta Ngaundare da Yawunde, ban iso ba sai bayan kwana biyu. Wallahi da na shiga ɗakin na gan shi, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Kwana shida ya yi a gado. A rana ta biyar aka cire masa robar, ya kama nono da kansa. Alhamdulillahi, yau yana gudu a tsakar gida.

To, ga abin da likitan ya koya mani, shi ne dalilin zuwana gidan rediyon nan. Ya ce ciwon haƙarƙari ne, wanda suke kira nimoniya. Ya ce, "Papa, ku iyaye tari kuke saurare, mu kuwa numfashi muke dubawa." Ya sa na riƙe agogon wayata. A bari yaro ya natsu, ba lokacin kuka ba, a ɗaga rigarsa, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata 2, in ya kai 60, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. In ya kai nan, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar. In kuwa ƙasan ƙirji yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko an kasa tashinsa daga barci, ko leɓensa ya canza launi, to ba a jiran gari ya waye.

'Yan uwana makiyaya, ku kun fi ni sanin wannan. Daga nesa kuke gane saniya mai ciwon huhu, da yadda take haki da yadda gefenta ke bugawa. Wannan idon dai za ku sa wa 'ya'yanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai, ciwon nan ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da dubu 740 a duniya. Alhali in an kai yaro da wuri, sau da yawa maganin sha da likita zai rubuta ya isa, ba sai an kwanta ba.

Siron da na ce a saya bai yi masa komai ba, sai ɓata lokaci. Yankan beli ba ya buɗe huhu, sai ƙarin ciwo da zubar jini. Kada a ba jariri ragowar maganin wani, kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Hayaƙin gawayi da na itace da na maganin sauro na kunnawa, a cikin ɗaki a rufe, duk suna gajiyar da huhun yaro. Mu mun fitar da murhu waje, mun koma gidan sauro. A ba jariri nono zalla har wata 6. Akwai kuma allurar rigakafin wannan ciwo: Kamaru ta fara yin ta tun 2011, Najeriya da Nijar suka biyo baya a 2014. Ana yin ta a sati 6, da 10, da 14 bayan haihuwa. Ba ta kare duk wani ciwon ƙirji ba, amma tana rage mai tsanani. In za ku ƙetare iyaka, ta Banki ne ko Gamboru ko Mubi, ku sa katin rigakafin yaro cikin kaya, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Magana ta ƙarshe ga mu maza masu tafiya. Ba ma fita sai mun duba taya, mun ƙirga dabbobi, mun tanadi na shinge. To mu bar abu biyu a gida: izini da kuɗi. Ka ce mata da bakinka, a gaban mahaifiyarka ko ƙaninka, "In yaro ya kasa numfashi, ki tafi asibiti, ki kira ni daga can." Ka ajiye mata ko da jaka biyar ne a wuri dabam, kada a taɓa don cefane. Ni yanzu haka nake yi, na kuma yi magana da wani mai bensikin a layinmu wanda za a iya bugawa ko da tsakar dare. Da-na-sani ƙeya ce, ni na kusa ganin tawa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya.