Gari Marar Gulutin: Tsakanin Manufar Gwamnati da Murhun Gida



Gulutin wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. Shi ke ba kwaɓin fulawa danƙo, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi. Ga yawancin mutane ba shi da illa. Amma ga mai cutar siliyak, wadda ake ƙiyasin tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, gulutin na sa garkuwar jiki ta far wa bangon ƙaramin hanji, sai amfanin abinci ya daina shiga jiki. Yaro ya yi ta zawo, ciki ya kumbura, jini ya yi ƙasa, girma ya tsaya. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da ciwon sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo.

An daɗe ana ɗaukar sa ciwon Turawa. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda fulawar agaji ta zama abincin kullum, ya sami cutar a jikin fiye da 5 cikin 100. A wajenmu kuwa, yaro mai waɗannan alamu sai a ce haƙori yake yi, ko a ce tamowa ce, a ƙara masa burodi da shayi don ya yi ƙiba. Wannan na damuna ƙwarai.

Manufar gwamnati kan alkama ba ta taɓa kallon wannan yaron ba, kuɗin waje take kallo. Najeriya na shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a shekara. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka janye hanin bayan 'yan shekaru. Zamanin Obasanjo aka ce a zuba garin rogo kashi 10 cikin 100 a fulawa, zamanin Jonathan kuma ministan noma Akinwumi Adesina ya ɗaga burin zuwa 20. Ko da shirin ya yi nasara, sauran kashi 80 alkama ce, kuma ga mai siliyak ɗan ɓurɓushi ma ya isa.

Abin ya koma hannun uwar gida. A nan muna da gata, domin gero, dawa, acha, masara da shinkafa duk ba su da gulutin. Masa da sinasir na tashi ba tare da alkama ba, saboda an bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, an kuma haɗa shi da dafaffiyar shinkafa da ke riƙe shi. Ɗanwaken asali, na garin wake da rogo, kuka ce ke ɗaure shi. Fulawa daga baya ta shigo. Mai son kek ɗin gero ko acha za ta ga yana marmashewa, sai ta ƙara ƙwai da sitacin rogo.

Matsalar tana wajen injin niƙa. Injin da ya niƙa alkamar alkaki ko funkaso da safe, shi zai niƙa geron mai siliyak da rana, ba wanki. Iyakar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta amince da ita ga abincin da za a kira marar gulutin ita ce miligiram 20 na gulutin a kilo ɗaya, kuma garin da ya bi ta irin wannan injin zai iya wuce ta nesa.

Akwai kuma giɓin gina jiki. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawar kamfani, amma garin da aka niƙa a unguwa babu ƙarin komai. Shi ya sa ban goyi bayan lafiyayyen mutum ya bar alkama don yayi ba, kuma wanda ke zargin ciwon kada ya daina cin ta kafin gwajin jini, don dainawar na ɓoye sakamakon.

Ina roƙon hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta gwada duk garin da aka rubuta masa “babu gulutin” kafin ya shiga kasuwa, asibitocin koyarwa su sa gwajin siliyak cikin binciken yaron da zawonsa ya ƙi tsayawa, ƙungiyoyin masu niƙa kuma su ware inji ɗaya a kowace babbar kasuwa wanda alkama ba za ta taɓa shiga cikinsa ba.