Fitilar Sama da Haɗarin Gobara a Wuraren Taronmu



An nemi mu yi magana a kan tsaron lafiyar jama'a a wuraren biki. Za mu ɗauki abu guda wanda da yawanmu muka gani a birni ko a bidiyon bukukuwa, wato fitilar takarda da ake kunna wa wuta a saki ta tashi sama da dare. Daga ƙasar Sin ta samo asali. Takarda ce marar nauyi da aka ɗaura a kan zoben gora ko na waya, a ƙasanta akwai ƙyalle da aka jiƙa da kakin zuma ko mai. Idan aka kunna, iskar da ke ciki ta yi zafi, sai fitilar ta tashi. Ba shakka tana da ban sha'awa. Matsalarta ita ce da zarar ta bar hannun wanda ya kunna ta, ba shi da sauran iko a kanta. Iska ce ke zaɓa mata masauki, kuma sau da yawa takan sauka wutarta ba ta mutu ba.

A daren shiga shekarar 2020, a garin Krefeld na ƙasar Jamus, wata mata da 'ya'yanta mata biyu suka saki irin wannan fitila domin murnar sabuwar shekara. Ɗaya ta faɗa a kan rufin ɗakin birai na gidan namun dajin garin. Kafin gari ya waye ɗakin ya ƙone ƙurmus, dabbobi fiye da 30 suka halaka, har da manyan birai da aka shafe shekaru ana renonsu. Matan da kansu suka kai kansu wurin 'yan sanda. Abin lura shi ne jiharsu ta haramta sakin fitilar tun 2009, amma sun ce a intanet suka saya, ba su san da haramcin ba. Doka tana nan a rubuce, labarinta bai kai ga masu biki ba.

Kafin wannan, a 2013, fitila guda ta faɗa a wata masana'antar sarrafa tsofaffin robobi a Smethwick ta ƙasar Ingila. Kyamarar tsaro ta ɗauki saukarta. Kimanin tan 100,000 na roba ya kama da wuta, 'yan kwana-kwana wajen 200 suka yi ta fama, aka ƙiyasta asarar da fam miliyan 6. Duk da haka gwamnatin tsakiya ba ta hana fitilar ba a lokacin. Ƙananan hukumomi ne suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna hana sakinta a filayensu da wuraren taron da suke ba da haya, har ya zama a 2018 dukkan majalisun yankin Wales guda 22 sun yi hakan. Manoman can sun taimaka ƙwarai, domin wayar fitilar kan faɗa cikin ciyawa, a yanka a haɗa da ita, saniya ta haɗiye ta huda mata ciki.

Wasu ƙasashen sun fi tsanantawa. Brazil ta yi doka a 1998 mai ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga wanda ya ƙera, ya sayar ko ya saki balan-balan mai wuta. A Chiang Mai ta ƙasar Tailan kuwa, inda sakin fitilu ya zama al'adar bikin shekara, hukuma takan ƙayyade wuri da lokaci, a kuma soke ko a ɗage tashin wasu jiragen sama.

To, ina ruwan garinmu da wannan? Ruwansa shi ne mu. Mu mazauna birni mu ne ke dawowa gida da sabon yayi idan za mu aurar da 'ya'yanmu, kuma duk abin da ɗan birni ya yi a bikinsa, baɗi sai an kwaikwaya. Ku dubi lokacin da muka fi yin bukukuwa: bayan kaka, an gama girbi, hunturu ya kankama. A lokacin ne rumbuna suke cike, harawa take jibge a kan soraye da rassan itatuwa, kara yake tsaye a bayan kowane gida, jinka da zana sun bushe ƙamas, ga iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Masana'antar Ingila tana da motocin kashe gobara a kusa. Manomin da rumbunsa ya ƙone a watan Janairu, abincin shekara ne ya tafi, kuma kowa a nan ya san tsawon lokacin da motar kwana-kwana za ta ɗauka kafin ta iso mana, in ma ta zo da ruwa.

Ba fitilar kaɗai ba ce. A watan Satumba na 2023, a Hamdaniya ta ƙasar Iraƙi, an kunna tartsatsin wuta na ado a cikin zauren biki, silin ya kama, mutum fiye da 100 suka rasu. Irin wannan tartsatsin ya riga ya shigo zaurukan bikinmu na birni. A gida kuma muna kafa rumfunan leda dab da murhun masu girki, a ajiye jarkar fetur kusa da janareta mai aiki, a jera motoci su toshe hanyar fita. Rundunar 'yan sanda a jihohi da dama takan sanar da hana wasan wuta gab da ƙarshen shekara, amma sanarwar rediyo ba ta zuwa ta tsaya a ƙofar gidan biki.

Saboda haka shawararmu ta farko ga kanmu take. Ƙungiya ta rubuta a ƙa'idojinta cewa ba za a saki fitilar sama ko a kunna tartsatsin wuta ba a duk taron da ta shirya, ko a zauren da ta gina ta ba da haya. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Sannan mu kai wa kansilolinmu daftarin dokar ƙaramar hukuma da za ta hana sayarwa da saki baki ɗaya, domin abin da ya faru a Krefeld ya nuna cewa hana saki kawai bai isa ba muddin kayan na samuwa. Idan an zartar, a miƙa ta ga masu unguwanni da sarkin samari da masu ba da hayar rumfuna, a yi shelarta a kasuwa da Hausa.

Game da taron baɗi kuwa, muna roƙon kwamitin shirye-shirye ya naɗa mutum guda wanda aikinsa kawai lura da wuta, a sanar da sunansa ga kowa. A tanadi bokitan yashi da randunan ruwa da na'urar kashe wuta aƙalla biyu, a nisanta madafa da janareta daga rumfuna, a bar ƙofa biyu a buɗe tun daga farkon taro har watsewarsa. Kuɗin wannan duka bai kai abin da muke kashewa a kan lemon kwalba ba, kuma muna neman a sa shi cikin kasafin da ma'aji zai gabatar gobe.