Daga Akurkin Kaza Zuwa Ɗakin Bincike

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban da suka fito daga Anka, Gummi da Bukkuyum)



Ba wanda bai taso ya ga kaji a tsakar gidansu ba. To, a yau ina son in ba ku labarin wani masani da ya dubi kaza, ya gano abin da ya shafi rayuwar iyayenmu mata. Shi ne Farfesa Mahmoud Fathalla, likitan mata na Jami'ar Asyut a ƙasar Masar, wanda aka haifa a 1935, ya rasu a 2023.

Cutar da ta dame shi ita ce sankarar gidan ƙwan mace. Kowane wata, sinadaran jiki da ake kira homon su ne ke sa gidan ƙwai ya fashe kaɗan, ƙwai ya fito, sannan wurin ya warke. A 1971, cikin mujallar likitoci ta Lancet, Fathalla ya kawo ra'ayin cewa yawan fashewa da warkewar nan ba hutu yana iya zama sanadin sankara. Daga cikin hujjojinsa akwai kajin gona masu saka ƙwai kusan kullum, waɗanda wannan cuta ke yawan kamawa.

Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa maganarsa. An tabbatar cewa goyon ciki da shayarwa, da ke ba gidan ƙwai hutu, suna rage haɗarin cutar. A 2008, masana a Jami'ar Okisfod sun haɗa bincike 45 daga ƙasashe 21, suka ga duk shekara 5 da mace ta yi tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100. Daga baya kuma aka gano cewa da yawa daga cikin sankarar nan daga bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa suke farawa. Haka ilmi yake, na baya yana gyara na gaba.

Jama'a, me ya haɗa mu da wannan? Wata gwaggota a ƙasar Gummi cikinta ya yi ta kumbura, ta ci loma biyu ta ƙoshi, ga ciwon mara, ga yawan fitsari. Wasu suka ce ciki ne, wasu suka ce sammu. Kafin a kai ta asibiti, lokaci ya ƙure. Waɗannan su ne alamomin cutar. Idan suka daɗe sati biyu ko uku, a garzaya asibiti.

Mun san amfanin bincike da idonmu. A 2010, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da aka gwada jini da ƙasa kafin aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Amma galibin masu gwajin daga nesa suka zo.

Saboda haka, ina kira gare mu, musamman 'yan'uwana mata masu karatun kimiyya, mu shiga fagen bincike. Macen karkara ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar'uwarta abin da ke damunta. Fathalla da tambaya ya fara. Mu ma muna da tambayoyi jibge a gidajenmu.