Wa ke gadin barcin masu aikin dare?

 

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a nan yankin Madarunfa. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara, gadaje cika suke yi maƙil, har daga ɓangaren Jibiya iyaye ke tsallako iyaka da ƴaƴansu. Sai ta kwana a tsaye, ta sauka da safe. To, a gida fa? Ga girki, ga wanki, ga suna a maƙwabta wanda in ba ta leƙa ba a ce girman kai ne. In ta samu barcin awa uku, ranar ta yi sa'a. Wata rana na tarar tana gyangyaɗi, muciya a hannu, tuwo na ƙauri. Dariya na yi, wallahi. Sai daga baya na tuna wannan hannun ne ke auna wa jariri allura da ƙarfe huɗu na asuba.

Jiki yana da agogonsa, kuma hasken rana yake bi, ba takardar rabon aiki ba. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, barcin rana kuwa gajere ne, bare a ɗakin kwano cikin Afrilu, wuta ta ɗauke. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. A 2019 hukumar binciken kansa ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sake sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce awa 40 a mako, da hutun awa 24 a jere. Ku tambayi mai gadin shagon unguwarku yaushe rabonsa da hutu. Da yawansu ko takardar ɗaukar aiki babu, da safe kuma kabu-kabu suke yi, su goya ƙannenmu zuwa lakwal.

Ga roƙona. Kafin zamanmu na gaba, kowa ya samu mai aikin dare ɗaya, mai gadi ne, mai gashin burodi ne ko ungozoma, ya rubuto mana dare nawa yake yi a jere, awa nawa yake barci. Ban da suna. Da waɗannan takardu za mu je wurin sufeton ƙwadago a Maradi.