Yadda Murjani Yake Gina Ƙashinsa

Yawancinmu mun san murjani a wuyan iyayenmu mata, muna zaton dutse ne. Alhali kuwa ƙashin wata 'yar ƙaramar dabbar teku ne.

Dabbar tana zaune wuri ɗaya, tana janyo sinadaran kalsiyam da kabonet daga ruwan teku zuwa ƙarƙashin jikinta. A nan take rage tsamin ruwan, sai sinadaran su haɗu su sandare, kamar ɓawon ƙwai. Irin murjanin da yake gina tuddai cikin teku, in muka duba ƙashinsa da madubin likita, za mu ga 'yan allurai da suka fi gashi siranta, sun bazu daga tushe ɗaya kamar tsintsiya. Sunansu aragonait. Allura bisa allura, har aka sami jerin tuddai na kilomita 2,300 a gaɓar Ostireliya.

Amma hayaƙin fetur da kwal yana ƙara wa teku zafi da tsami, ginin kuma yana ƙara wuya. A shekarar 2016 zafin ruwa ya kashe murjani mai yawa a can. 'Yan'uwa, a tuddan nan kifaye suke fakewa, in sun rushe, abincin masunta ya tafi.